Na biya dillalan malaman Sinanci yuan 6,800, ga abin da na samu

Tun ranar da na sa hoton ajina a shafina, saƙon da ya fi shigo mini iri ɗaya ne, daga ƙanne masu karatu a Sin: "Yaya, kamfanin nan da ya samo maka aiki, in biya su ko in bari?" Na amsa wa mutum shida ɗaya bayan ɗaya har babban yatsana ya gaji, shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya ɗebi abin da zai amfane shi. Sunan kamfanin ba zai fito a nan ba. Akwai inda suka yi mini rana, akwai inda suka ja mini asara, kuma irinsu sun cika WeChat, manhajar hira ta Sinawa, tsarinsu kusan ɗaya, har tallarsu kamar hannu ɗaya ne ya rubuta.

In maki ake so, na ba su uku cikin biyar. Ukun nan ma, mace ɗaya ce ta ciyo musu biyu da rabi.

Ga matsayina lokacin da na same su. Na yi digirin farko a Sinanci, sannan a 2022, da aka sake buɗe wa ɗaliban waje ƙofa bayan korona, na koma birnin Shenyang, a arewa maso gabashin Sin, yin digiri na biyu a fannin koyar da Sinanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, wanda ake kira MTCSOL. Ina da HSK, jarrabawar auna ƙwarewar baƙi a Sinanci, mataki na 6, mai buƙatar kalmomi 5,000, ina da babban matakin jarrabawar magana ta HSKK, ina jin Turanci, Larabcina kuwa na karatu ne da gaisuwa. A zatona da waɗannan takardu makarantu za su yi rububina. Wata biyu ina aika takardar neman aiki da kaina, ko "mun gani" ban samu ba.

Dalilin da ya sa mutum irina ke faɗawa hannun dillali shi ne babbar hanyar ba tamu ba ce. Tun da aka buɗe Cibiyar Confucius ta farko, wato cibiyar koyar da Sinanci a ƙasashen waje, a Seoul a 2004, hukumar gwamnatin Sin da ake kira Hanban ce ke tura malamai ƙasashen waje. A 2020 aka sauya mata suna zuwa CLEC, aka miƙa cibiyoyin Confucius ga wata gidauniya, amma aikin tura malaman sa-kai da malaman da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ya ci gaba, kuma sharaɗin farko a takardar shi ne ka kasance ɗan ƙasar Sin. 'Yan ajinmu Sinawa tare suka tafi tantancewa, tare suka dawo suna lissafin wa zai je Tailan, wa zai je Hangari. Mu baƙi sunanmu bentu jiaoshi, wato malamin gida: an horar da kai ne don ka koma ƙasarku ka koyar. Ba laifi ba ne, tsari ne mai ma'ana. Sai dai wanda ke son ya koyar a ƙasa ta uku, ba tasa ba kuma ba Sin ba, babu layin da aka tanadar masa.

Kasuwar ma ta juya a 'yan shekarun nan. Suwidin ta rufe nata cibiyoyin Confucius gaba ɗaya a 2020. Amurka da ke da kusan 100 a 2019, kafin ƙarshen 2023 ba su kai biyar ba. A ɗaya gefen kuma Afirka ta Kudu ta shigar da Sinanci cikin darussan zaɓi a 2016, Yuganda ta fara a sakandare a 2019, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ƙaddamar da nata shirin a makarantun gwamnati a 2019, Masar ta fara gwaji a makarantu 12 a 2022. Saudiyya kuwa tun ziyarar Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, zuwa Bejin a Fabrairun 2019 ta sanar da cewa Sinanci zai shiga manhajarta. Dillalan sun san wannan taswira sarai, da ita suke cin abinci.

A watan Nuwamban 2023 na yi rajista. Tsari biyu suka shimfiɗa mini. Na farko: yuan 800 kafin alƙalami, sai yuan 6,000 ranar da ka sa hannu a kwantiragi da makaranta. Na biyu suna ce masa tsarin garanti: yuan 18,000 gaba ɗaya tun farko, wai in shekara ta cika ba aiki a mayar maka da kuɗinka. Yaron da ke ɓangaren talla ya yi kwana uku yana bina kan na biyun, safe da yamma, har da cewa gurbi biyu kacal ya rage. Na ce ya turo mini yarjejeniyar in karanta. A shafi na huɗu na ga inda gizo ke saƙa: in suka kawo maka tayi uku ka ƙi, ko da a ina ne, ko nawa ne albashin, to sun sauke nauyi, kuɗi ya zama nasu. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na ɗauki na farko. Shawarata ta farko ke nan ga kowa, kuma ba ta da togiya: kada ka biya babban kuɗi kafin ka ga kwantiragi da sunanka.

Bayan na biya 800 ɗin yaron talla ya ɓace, aka haɗa ni da wata mata da ta yi shekaru tana koyarwa a Tailan da Dubai kafin ta dawo gida ta kama wannan aiki. Laoshi nake ce mata, wato malama, ita ma laoshi take ce mini, kamar yadda malamai ke kiran juna a can. A kiranmu na farko ba ta yi mini kara ba. Ta ce, "Malam, zan gaya maka abin da 'yan talla ba za su gaya maka ba. Cikin makarantu goma da ke neman malami a wurinmu, mafi yawansu sun rubuta muyu zhe, wanda Sinanci ne harshen uwarsa. Wasu ba su rubuta ba amma shi suke nufi. Ba su ne za su ji Sinancinka ba, iyayen yara ne za su ga fuskarka a ranar buɗe makaranta."

Na ji zafin maganar, ba zan ɓoye ba. Shekara bakwai ina fama da harshen nan, ina rubuta baƙi ɗaya sau ɗari har yatsa ya yi kanta, a ce fuska ce za ta yanke hukunci. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara da na ji daga bakinta tun da wuri. Wani kamfanin da sai ya bar ni ina ta jira ina zargin takarduna.

Abin da ta yi da wannan matsala shi ya fara sa na ga amfanin kuɗina. Ta ce in cire hotona daga saman takardar neman aiki, in sa hanyar shiga wani bidiyo na minti biyu, kuma daƙiƙa goma na farkonsa allo kawai za a gani da hannuna yana rubutu, muryata na bayani. "Bari kunnensu ya riga idonsu," in ji ta. Sannan ta matsa mini in zauna jarrabawar Putonghua, wato daidaitaccen Sinanci, wadda Sinawa da kansu ke yi don auna ingancin lafazi. HSK, a cewarta, tana nuna kai baƙo ne da ya ƙware. Takardar Putonghua kuwa da ma'aunin 'yan gida aka auna ka. Matakin da ake nema ga mai koyar da darasin Sinanci a makarantun Sin shi ne erji jiadeng, daga maki 87. Na samu 88 da ɗoriya, da ƙyar, don zaman Shenyang ya manna mini wasu halayen bakin mutanen arewa maso gabas da sai da na kankare. Ban taɓa jin wani malamin jami'armu ya ba baƙo wannan shawara ba.

Ta kuma tambaye ni takardar CTCSOL, shaidar malamin Sinanci ta ƙasa da ƙasa, mai jarrabawar rubutu da ta baka. Ina da ita. Kamfanin na sayar da kwas ɗin share fagenta, da wata takardar shaida tasu ta kansu mai tambarin zinare da sunan wata ƙungiya mai tsawo. Na tambaye ta ko in saya. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wadda kake da ita ta isa." Na gane karatun. A tsawon nemana ba makarantar da ta taɓa tambayata mai tambarin zinaren.

Inda na fi cin ribar kuɗina shi ne horon darasin gwaji, abin da suke kira shijiang. Kowace makaranta za ta ce ka koyar na minti goma sha biyar ta bidiyo, shugabanni su zama ɗalibai. Kamfanin ya yi alkawarin zama uku na horo, malamar ta yi mini bakwai. A zama na farko ta ba ni kalmar le, 'yar ƙaramar kalmar Sinanci mai nuna aiki ya kammala, in koyar wa 'yan shekara goma sha biyu. Na shirya tsaf, na zuba bayani kan bambancin le ta bayan aikatau da le ta ƙarshen jimla, har da misalai daga kundin digirina. Da na gama ta nuna mini agogonta. Ta ce, "Minti goma sha biyar. Kai ka yi magana minti goma sha uku. Yara sun buɗe baki sau huɗu, biyu daga ciki 'to' suka ce." Ta tuna mini ƙa'idar da duk muka haddace a aji muka bari a takarda, jing jiang duo lian, taƙaita bayani, yawaita gwaji. A jami'a an koya mini in burge farfesa. Ita ce ta koya mini in yi shiru in bar yaro ya yi kuskure da bakinsa.

A zama na uku ne abu ya juya. Tana wasan ɗaliba, ta yi kuskuren da baƙi ke yi, ta manna le a duk jimlar da ta shafi jiya. Na gyara mata ba tare da dogon turanci ba, na zana layi biyu a allo, aikin da ya kammala da aikin da ke gudana, na ce le ba ruwanta da jiya ko gobe, ruwanta ko aikin ya cika. Ta dakatar da ni, ta ce ina na samo wannan hanya. Na ce daga harshena. Bahaushe in ya ce "in ya zo gobe ka ba shi", ya yi amfani da sigar aikin da ya kammala a kan abin da bai faru ba tukuna, kuma bai ga wani abin mamaki ba. Haka Basine ke cewa gobe in na ci abinci zan tafi, ya sa le a kan cin abincin. Mai Turanci ne ke ruɗewa, don kansa ya saba da raba komai jiya, yau, gobe. Haka batun karin sauti. Sinanci na da guda huɗu, ma ɗaya ta zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Wanda ya tashi yana bambanta fari na launi da fari na rashin ruwa da kunne kawai, ba sai an rantse masa cewa murya na sauya ma'ana ba.

Ta ce, "To wannan shi ne hajarka, ita za mu kai kasuwa. Ni an haife ni da le a baki, ban san ranar da na koye ta ba. Kai ka san inda ta yi maka ciwo, ka san inda za ta yi wa yaro." Daga ranar ta sake rubuta wasiƙar gabatar da ni gaba ɗaya a kan wannan magana. In da darasin gwajin nan kaɗai suke sayarwa a kan yuan 6,800, da na ce da tsada amma ba a cuce ni ba.

Sai jira. Daga Disamba zuwa Maris ta tura takarduna makarantu 23, kuma duk ranar Juma'a tana turo mini jerin sunayensu da abin da kowace ta ce. Huɗu ne suka kira ni. Wannan lokaci shi ne kakar ɗaukar malamai a makarantun ƙasa da ƙasa, waɗanda ke bin manhajar IB ko Cambridge, kuma su ne masu albashi mai kauri. Amma kusan dukkansu suna son lasisin koyarwa na wata ƙasa, kamar QTS na Ingila, da gogewar shekara biyu a aji na gaske. Ba ni da ko ɗaya. Ta faɗa mini cewa manyan makarantun nan ma ba ta hannun dillalai irinsu suke ɗauka ba, a dandalin TES ko Search Associates suke talla. Ke nan wanda ke da lasisi da gogewa ba ya buƙatar wannan kamfani ko kaɗan, ya je can kai tsaye. A watannin jiran na ɗan riƙa koyarwa a italki, dandalin koyar da harsuna ta intanet, don bakina ya saba da ɗalibai na gaske.

Tayin farko daga Tailan ya zo, kuma a nan na fara ganin ɗaya fuskar kamfanin. Malamar tana hutu, wani saurayi ya riƙe mata aiki. Makarantar na son in iso kafin tsakiyar Mayu, lokacin da shekarar karatu ke farawa a can, ni kuwa sai Yuni zan kare kundina. Ya ce ba matsala, in shiga da bizar yawon buɗe ido in fara aiki, daga baya makaranta ta gyara. Na san malami a Tailan na buƙatar biza ta Non-B, da izinin aiki, da izinin majalisar malamai ta ƙasar, kuma na san in aka kama mutum yana koyarwa da bizar yawo, shi za a kora, ba makaranta ba, ba dillali ba. Da na faɗa masa, sai ya ce kowa haka yake yi. Na ƙi. Da malamar ta dawo ta ji, ta ce na yi daidai, amma ban ji an ce wa saurayin ko uffan ba. Yana nan yana aiki har yau, kuma yau wani ƙanena na iya faɗawa hannunsa. Ingancin abin da za ka samu a kamfanin nan ya rataya ne a kan wanda aka haɗa ka da shi, kai kuma ba ka da zaɓi.

A watan Afrilu wata makaranta mai zaman kanta a gabashin Saudiyya ta kira ni. Ɓangaren maza suke nema wa malami, kuma a wannan sana'a mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, don haka a karon farko wani abu da ban yi wahalar samunsa ba ya yi mini aiki. A darasin gwaji shugaban makarantar ya zama ɗalibi, ya kasa bambanta ba da pa. Larabci ba shi da p, ni ma na sha wannan wuya a shekarata ta farko. Na ce ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: in ya ce pa ta motsa, in ya ce ba ta tsaya cik, don a Sinanci iska ce ke raba su. Ya gwada, takarda ta motsa, ya fashe da dariya. Na ƙara masa kalma biyu da Larabcina na karatu. Bayan kwana huɗu tayi ya iso.

Karatun kwantiragi shi ne abu na biyu da zan yaba. Malamar ta zauna da ni awa biyu muna bin sa layi-layi. Ita ta nuna mini cewa a dokar ƙwadago ta Saudiyya, in nassin Larabci da na Turanci suka saɓa, na Larabci ake bi, don haka shi za mu karanta. Muka tarar na Turanci ya ce darasi 24 a mako, na Larabci ya ƙara "da abin da hukumar makaranta ta ga dama". Ta sa aka gyara. Ta nuna mini cewa kuɗin biza, da na iƙama, wato katin zama, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi, duk doka ta ɗora su a kan mai ɗaukar aiki, kada in yarda a cire daga albashina. Ta yi mini bayanin kuɗin sallama, rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, da cewa lokacin gwaji ba ya wuce kwana 180, da cewa kwantiragin da ke da ƙarfi shi ne wanda zan amince da shi a dandalin gwamnati na Qiwa, in tabbata ya yi daidai da na takarda kafin in danna. Ta ce fasfona ya kwana a aljihuna, duk wanda ya ce in ba shi ajiya in ce na gode. Ranar da na sa hannu na tura musu 6,000 ɗinsu da zuciya ɗaya.

Takardu ma sun tafi lafiya. Jami'o'in Sin takarda biyu suke bayarwa, ta kammala karatu da ta digiri, kuma baƙi da yawa ɗaya suke kaiwa a tantance su manta ɗayar. Sun tuna mini. Sun kuma tuna mini in karɓi shaidar rashin aikata laifi tun ina Shenyang, kafin izinin zamana ya ƙare, don neman ta daga waje wahala ce. Na yi sa'a Sin ta fara aiki da yarjejeniyar Apostille, ta sauƙaƙa tantance takardu tsakanin ƙasashe, ranar 7 ga Nuwamban 2023, Saudiyya kuwa ta riga ta shiga tun 2022, abin da ya rage zirga-zirgar buga hatimi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan fanni sun fafe mini nawa da wuri.

Sai babbar kwaɓar. Bizar aiki ta Saudiyya ba a buɗe take ba. Mai ɗaukar aiki yana neman izini ne a kan sana'a kaza, ɗan ƙasa kaza, a buga a ofishin jakadanci kaza. Sashen biza na kamfanin, waɗanda suka saba da tura Sinawa zalla, suka cike wa makarantar bayanai kamar yadda suka saba: malami, ɗan Sin, a buga a Bejin. Fasfona na gabansu tun Nuwamba. Hotona na gabansu. Ba wanda ya lura sai a ƙarshen Yuli, lokacin da na riga na sallami ɗakina, na sayar da kekena, na yi gwajin lafiya. Dole makarantar ta soke izinin ta nemi sabo, ni kuma in koma gida in sake gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi ta tsarin Wafid, in jira a buga a can. Tikitin da ban shirya masa ba, gwaji sau biyu, da mako bakwai ba albashi.

A watan Agustan nan na 2024 ne malamai 175 daga Sin suka sauka Saudiyya don fara koyarwa a makarantun gwamnati, ina kallon hotunansu a waya ana tarbarsu da furanni, ni ina zaune ina jiran hatimi. Na rubuta wa kamfanin na ce kuskurensu ne, su rage mini wani abu. Amsar da ta zo ta ce yarjejeniya ta ce su masu ba da shawara ne kan biza, alhakin yana kan makaranta. Na koma na duba, haka ne, yana shafi na biyar. Malamar ta kira ni da kanta ta ba ni haƙuri, ta ce ta kai maganar sama ba a saurare ta ba. Abin da ta iya yi shi ne ta riƙa kiran shugaban makarantar duk mako don kada ya gaji ya ba wani gurbin. Bai bayar ba. Amma ko yuan ɗaya kamfanin bai mayar ba, ko "mun yi kuskure" a rubuce ban samu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a ciki, kuskuren ya nuna mini yadda aka gina kamfanin. Fom ɗinsu na rajista ma lambar katin ɗan ƙasar Sin yake nema, mai lamba 18, sai da aka cike mini da hannu. Taron bita na kafin tafiya duk kan yadda Basine zai yi rajista da ofishin jakadancinsa ne. Sun karɓi kuɗin baƙo, amma ba su gyara gidansu don baƙo ba. Duk wanda ba fasfon Sin ne da shi ba, ya tambaye su a rubuce, tun kafin ya biya 800 ɗin farko: mutum nawa masu fasfo irin nawa kuka taɓa turawa wannan ƙasa, kuma a ina aka buga musu biza? In aka fara kewaye-kewaye, ya san shi ne zakaran gwajin dafi.

Na isa a tsakiyar Oktoba, an riga an yi nisa a zango. Tallarsu ta yi alkawarin kulawa ta shekara guda bayan isa. Kulawar ita ce wani zauren WeChat mai mutum ɗari uku da wani abu, inda ake tura tallar kwas da gaisuwar sabuwar shekara. Da iƙamata ta yi jinkiri, na kasa buɗe asusun banki, na tambaya a zauren, wani malami da ke Jidda ne ya amsa mini, ba ma'aikacinsu ba. Ba kuma wanda ya gaya mini cewa makarantar ba ta da littafi ko ɗaya na Sinanci, ba manhaja, ba komai sai allo da yara talatin da ɗaya masu son sanin yadda ake rubuta sunan ƙungiyar ƙwallonsu da baƙaƙen Sin. Wata biyu na farko kullum sai ɗayan dare nake kwanciya ina haɗa darasi. Dillalin da ya damu da ya tambayi makarantar wannan tun a Afrilu, in taho da littattafai a jaka.

To wa zai biya su? Wanda ya gama digiri, Sinancinsa ya nuna, amma bai taɓa tsayawa gaban yara ba kuma bai taɓa karanta kwantiragin wata ƙasa ba, zai amfana, muddin tsarin biya-bayan-sa-hannu ya ɗauka, kuma ya nemi a haɗa shi da wanda ya taɓa koyarwa a waje da kansa. Ya tambayi mai kula da shi kai tsaye: a ina kika koyar, shekara nawa? Wanda ke HSK 4, mai kalmomi 1,200 a tsohon ma'auni, ya adana kuɗinsa ya koma karatu, don za su karɓi rajistarsa da fara'a su bar shi a layi. Yanzu ma da aka fito da sabon ma'auni mai matakai tara a 2021, aka fara jarrabawar mataki na 7 zuwa 9 a ƙarshen 2022, mai HSK 6 ma ya daina jin shi ne ƙarshe. Ni kaina ina shirin zama.

A watan jiya yaron tallan nan, wanda ya ɓace tun ranar da na biya 800, ya sake ɓullowa. Wai suna son in yi musu bidiyo na minti ɗaya a cikin ajina, in ce su suka cika mini burina, za su sa a shafinsu don jawo ɗaliban waje. Na ce zan yi, in sun mayar mini da kuɗin tikitin Agusta. Ya turo hoton fuska mai murmushi, bai sake magana ba. Malamar kuwa ta bar kamfanin tun bayan bikin bazara, wato sabuwar shekarar Sinawa, ta koma aji a wata makaranta a Chengdu. Makon da ya wuce na tura mata muryar wani ɗalibina yana karanta jimla mai le biyu ba kuskure, ta amsa da cewa karin sautinsa na uku bai sauka sosai ba, in sa shi ya sake.